Injin da Sabuwa Ta Kashe

Sabuwa ta kashe injin mijinta, ta ɗora sola a kan rufin zaure. Ita ta fara yin haka a layinmu.

Layin yana bayan Ƙofar Durbi. Layin Hayaƙi ake ce mashi, kuma ba a yi mashi ƙarya ba. Masu casar shinkafa suna nan, da masu yankan katako, da masu ƙanƙara, da mu 'yan walda. Wutar gwamnati ba ta zuwa sai ta ga dama. Saboda haka kowa da injinshi, kowane inji da hayaƙinshi. Baƙin mai ke gudu a kwatarmu. Rijiyar gidan liman an daɗe da rufe ta, ruwanta warin dizal yake. Bangon masallaci ko an shafa mashi farar ƙasa, kafin wata sallah ya koma baƙi. Mun saba. A nan muka tsufa.

Sunana Babaji, ni ne babba a gidanmu. Sabuwa matar ƙanena Hussaini ce. Markaɗe Hussaini yake yi a zauren gidanshi, da wani tsohon baƙin inji mai ƙaton wili, wanda sai an murɗa shi da hannu yake tashi. Salansar ta leƙa waje ta taga, amma rabin hayaƙin a zauren yake zama. Hussaini ya shaƙe shi tun yana saurayi. Daga baya tari ya kama shi, in ya tofar sai ka ga baƙi. A asibiti suka ce huhu ne. Allah ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya'ya mata da injin.

Da ta fita takaba ba ta nemi kowa ba. Ta ɗaure zane a kan hijabi, ta murɗa injin da hannunta. Ta yi watanni a haka. Sa'annan na ji ta sayar da gonar da ta gada a Batagarawa. Ba ta gaya mani ba, a bakin mutane na ji.

Wata safiya ta zo rumfata, ta durƙusa daga nesa, ta gaishe ni da kwana da aiki da iyali. Na amsa.

"Yaya, ƙarfe nike so ka haɗa mani a saman zaure."

"Na mi?"

"Na ɗora sola."

"Shawara kika zo nema, ko aiki kika kawo?"

"Aiki na kawo, Yaya."

Na haɗa mata ƙarfen. Har yau iska ba ta motsa shi ba.

Masu sola suka zo suka jera farantansu, suka ja waya, suka ɗaura wani ƙaramin injin lantarki a jikin abin markaɗen. Tsohon injin aka tura shi lungu, aka lulluɓe da buhuna. Batir ne kawai ba a saya ba. Kuɗin gonar bai kai nan ba.

Da la'asar muna zama a kan benci ƙofar masallaci. Kwanakin nan ba wata magana sai ta Sabuwa.

Lawal mai casar shinkafa shi ya fi kowa baki. Ya ce, "Sola ta cajin waya ce da fanka. Ku bari ta sa mata gero mai tauri ku ga yadda za ta yi tsaye."

Nasiru mai ƙanƙara ya ce, "Ni da zan samu da na sa. Rabin abin da nike samu a tankin inji yake ƙarewa, sauran rabin a kemis."

"To ka sa mana. In hadari ya taso sai ka sayar da ruwan sanyi."

Aka yi dariya. Liman bai yi ba. Ya ce shi abin da ya sani, ya daɗe bai ji muryarshi ba in yana jan sallar azahar, kuma jikokinshi duk da majina baƙa suke kwana. Wani ya ce ai da hayaƙin nan muka yi aure, da shi muka gina gidaje, yanzu kuma a ce shi ne abokin gaba? Wannan ma gaskiya ce.

Bulus bakanike yana gefe a kan babur ɗinshi, yana goge hannu da tsumma. Mutumin Zonkwa ne, ya zo Katsina tun ba shi da gemu. Duk injin da ke layin nan ya san cikinshi. Aka ce, "Bulus, kai ba ka ce komai ba."

Ya ce, "Mi zan ce? In kowa ya bi Hajiya Sabuwa, ni sai in koma garinmu noman citta. Amma ni na riƙa kai Hussaini asibiti a kan babur ɗin nan. Na ji yadda ƙirjinshi ke ƙara a bayana. Kada ku sa ni in ce ta yi laifi."

Nan maganar ta tsaya ran nan.

Sabon injin Sabuwa ya ja geron. Ya ja masara, ya ja wake, ya ja tattasai. Lawal ya je ya gani da idonshi, ya dawo ya ce rana ce ta yi zafi. Amma sai wata matsala ta fito wadda ba wanda ya yi tunaninta. Ba mai kawo markaɗe.

Dalilin shi ne, matan unguwar nan ba su leƙo waje su ga ko an buɗe shago. Da kunne suke aiki. Kowane inji da muryarshi, kuma sun san su ɗaya bayan ɗaya daga cikin tsakar gida. Na Hussaini in yana tafiya sai ya yi kamar shaƙuwa ta kama shi, sa'annan ya ci gaba. Da sun ji wannan shaƙuwar sai a tsame wake, a wanke gero, a aika. Tun kakanninsu mata haka ake yi. Sabon injin kuwa ba ya bugawa, sai wani ɗan gurnani da ko a bakin titi ba ka ji. Matan suka yi ta saurare, shiru. Suka ce markaɗen gidan Hussaini ya mutu, suka riƙa aikawa nesa.

Na wuce na gan ta zaune a zaure, bokitai a kife, rana tana dukan farantan nan a banza. Na yi zaton za ta kira Bulus ya ta da tsohon. Ba ta kira shi ba.

Abin da ta yi, ta markaɗa nata geron, ta zuba ƙullun a kwano, ta rufe, ta sa hijabi. Bayan azahar ta fara shiga gida gida. Matata ta ba ni labari. In ta shiga an gaisa, sai ta buɗe kwanon ta ce, "Shinshina." A shinshina. Ta ce, "Kin ji dizal?" A ce a'a. Ta ce, "To ina nan ban mutu ba. In kin ga inuwar katangarki ta janye, ki aiko." Ta wuce gida na gaba.

Suka fara aikowa. Daga baya tsofaffin cikinsu suka fara zuwa da kansu, abin da ba su taɓa yi ba. Da, wa zai zauna a zauren nan? Ido na yaji, sai an yi ihu ake jin juna. Yanzu ta wanke bangon, ta shimfiɗa tabarma. Ka wuce ka ji mata suna hira injin yana aiki. Ni da kaina na tsaya a ƙofar wata rana, na ji ƙanshin citta da kanumfari a ƙullun kunu. Shekarun da Hussaini ya yi yana markaɗe a wurin ban taɓa jin wannan ba.

Amma wanda ya san markaɗe ya san ba a rana abincin yake ba. A asuba yake. Masu ƙosai su ne ƙashin bayan sana'ar. Kullum suna zuwa, da rani da damina, bokiti bokiti. Kuma waken ƙosai sai an markaɗa shi a lokacin, a buga, a soya. In ya kwana ya yi tsami, ya sha mai, ya ƙi tashi. Da asuba kuwa babu rana. Sola ba batir, ƙarfe ne kawai a kan rufi.

Delu ita ce babbar masu ƙosai a unguwar. Tun zamanin Hussaini nan take kawo wakenta, sauran kuma inda ta sa ƙafa nan suke sawa. Ƙawar Sabuwa ce tun suna amare. Ta yi haƙuri iyakar yinta. Sabuwa ta markaɗa mata da yamma, suka kai wurin Nasiru aka sa cikin ƙanƙara. Da safe ƙosan ya fito kamar duwatsu. Ina rumfata na ji Delu tun daga bakin layi.

"Sabuwa! Fito ki ga abin da injin masu barci ya yi mani!"

"Wane ne mai barci?"

"Injinki mana. Sai hantsi yake tashi kamar ɗan gidan gwamna a GRA. Wani direba ya ciji ƙosaina yau, ya tambaye ni ko siminti na fara saidawa."

"Ki ƙara mani haƙuri, Delu. Batir nike tarin kuɗinshi."

"Ni in yi haƙuri, masu kalaci su yi haƙuri? Ke dai ta da tsohon nan da asuba kawai. In rana ta fito ki koma ma ɗan gatanki."

"Ba ni ta da shi."

"To wallahi zan tafi."

"Na sani. Ba ni jin haushinki."

Delu ta tsaya tana kallonta, ta ja tsaki, ta ajiye mata ƙosan a kan tabarma ta ce ta ba awaki. Washegari ta kai wakenta wurin Lawal, wanda ya ajiye ɗan ƙaramin inji mai fetur a gefen shagonshi. Sauran suka bi ta. Injin ƙarami ne, suna yin layi har gari ya waye suna zage-zage, amma dai suna samu.

Sai damina ta kankama. Wata rana hadari ya rufe tun safe har yamma, injin Sabuwa ya yi gurnani kaɗan ya tsaya. Wata rana ya yi aiki rabin wuni. Na lura da gidan. Hayaƙin murhu ya koma sau ɗaya a rana. Zulaihat, babbar ɗiyarta, ta bar hawa Keke zuwa makaranta, ta koma tafiya da ƙafa. Na aika masu da masara. Sabuwa ta zo ta yi godiya a durƙushe, ba ta ce mani suna cikin wani hali ba. Ta maido buhun a wanke, a ninke.

A cikin wannan ne Lawal ya same ni a rumfa. Ya gaishe ni gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, na san da magana.

"Malam Babaji, injin marigayi nike so. Kai ne babba, shi ya sa na biyo ta wurinka."

"Injina sun ƙare a kasuwa?"

"Ba ƙarfen nike so ba. Muryar nike so. In ya buga da asuba, duk matar da ke unguwar nan ta san shi. Ba sai na aika kowa ba."

Ya faɗi abin da zai bayar. Na kira Bulus na tambaye shi. Ya ce kuɗin ya isa batir mai kyau, har a yi saura. Ya ce injin lafiyarshi lau, in aka canza mashi bel zai kai jikokin Lawal. Na ce in ba a sayar ma Lawal ba fa? Ya ce to sai 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe, su kuma a kan sikeli suke saye, abin da za su ba ta ko wayar batir ba zai saya ba.

Na auna maganar. Ban ga aibinta ba. Inji yana lungu yana tsatsa, yara suna kwana da yunwa. In ta samu batir ta yi markaɗen asuba, Delu ƙawarta ce, za ta dawo. Ta ci gaba da solarta, ba wanda ya ce ta sauke. Na ce ma Lawal mu je.

Bayan la'asar muka shiga zauren Sabuwa, ni da shi da Bulus. Garin a lumshe yake, ana yayyafi. Sabuwa tana zaune ita da Delu, don duk da ta ɗauke wakenta ba ta bar zuwa hira ba. Suka gyara lulluɓi, aka gaisa. Na faɗi abin da ya kawo mu, ban tsawaita ba.

Delu ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Ke Sabuwa, Allah ya kawo maki mafita har gida. Ni ma in huta da layin wancan abin mai kukan sauro." Ta juya wurin Lawal. "Ba da kai nike ba, Alhaji."

"Da ni kike, amma na yafe," in ji Lawal.

Sabuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi buhunan da ke lungu, sa'annan ta dubi ƙasa.

"Alhaji, ina za ka kafa shi?"

"Shagon nan da ba kowa. Na riga na yi magana da mai shi."

"Wanda ke jikin katangata?"

"Shi."

"Salansar ina za ta duba?"

"Inda ta kowa ke dubawa, Hajiya. Layi."

"Wa zai tsaya a kanshi?"

"Akwai ɗan wana, Abba. Ya gama sakandare yana zaune."

Ruwa yana ɗiga daga bakin kwanon rufi. Ta ce, "Bulus."

"Na'am, Hajiya."

"In an ce ka kwance shi gaba ɗaya, yadda ba mai iya maida shi, za ka iya?"

Bulus ya cire hula ya sosa kai. "Hajiya, ni gyara na koya. Wannan kamar ki ce ma wanzami ya yanke kunne ne. Inji mai rai?"

"Za ka iya?"

"Zan iya. Amma ki bari in fita waje in yi kuka tukuna."

Delu ta miƙe tsaye. "Ke wai lafiyarki? Hayaƙin layin ga ke kaɗai za ki hana shi? Ga na Alhaji can, ga na masu katako, ga na yayanki ma da ke zaune." Ta nuna ni, sa'annan ta tuna ko ni wane ne, ta sauke hannun. "In ba ki sayar ba ya sayo wani a Kano gobe. Mi kika rage?"

"Na sani," in ji Sabuwa. "Wancan nashi ne, shi da Allah. Wannan nawa ne. Na san abin da ya ci."

Lawal ya gyara zama. Ba mugun mutum ba ne, ɗan kasuwa ne. Ya ce zai ja salansar ta yi sama da rufi. Ya ce zai ƙara a kan abin da ya faɗa. Ya ce ta tuna 'yan matan nan da ke cikin gida. Duk abin da ya faɗa daidai ne, ban ji inda zan gyara mashi ba.

Na dube ta. Ta rame. Zanen da ke jikinta na san shi tun Hussaini na da rai. A layin nan mu maza mun fi ashirin masu inji, kowa yana tari, kowa yana cewa Allah ya kawo sauƙi, ba wanda ya taɓa sa hannu ya kashe nashi. Ita ta kashe, ta sayar da gona, ta bi gidaje da kwano a hannu, kuma ga ta zaune da yunwa ba ta roƙi kowa ba. Na san wannan duka. Amma yaran na ƙanena ne, kuma ni za a tambaya.

Tunda ta shigo gidanmu ban taɓa ba ta umarni ta tsallake ba. Ban kuma cika bayarwa ba. Na gyara murya.

"Sabuwa."

"Na'am, Yaya."

"Na ji naki. Yanzu ki ji nawa. Ki sayar mashi. Ki sayi batir ki ciyar da yaran nan. Ni na ce."

Ta sauko daga kan tabarma, ta durƙusa a ƙasa kamar yadda take yi in za ta gaishe ni. Ba ta ɗago ido ba.

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ba ni saidawa."